ALMAKASHIN DA KE CIKIN JIKINKA: Tarihin Dicer, daga farin fure zuwa allurar magani

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, domin waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da kuma masu son su karanta a tsanake.

Yau ma tarihi ne, sai dai wanda za mu ba da tarihinsa wani almakashi ne. Yanzu haka da kake karanta wannan rubutu yana nan yana yanka a cikin jikinka. Yana cikin rogon da ke gona, yana cikin sauron da ya hana ka barci jiya. Ya fi shekara biliyan ɗaya yana wannan aiki, amma sai a 2001 aka kama shi aka raɗa masa suna. Kuma hanyar da aka bi kafin a kai gare shi, kusan duk gwaje-gwaje ne da suka ƙi yin abin da aka sa su.

KAFIN MU SHIGA

Bari mu daidaita wasu kalmomi, don kada mu bar kowa a baya.

Jikin duk wani mai rai an gina shi ne da ƙwayoyin halitta. Bakteriya ƙwayarsu falo ɗaya ce, komai a waje guda. Mu kuwa, da dabbobi, da tsirrai, da funfuna, da yis ɗin burodi, ƙwayarmu tana da wani ɗaki na musamman a ciki, wato cibiya, inda ake adana DNA. Masu irin wannan ɗaki su ake kira yukariyot.

DNA kamar babban littafi ne da ba a fita da shi daga wannan ɗaki. Kowane babi nasa shi ne ƙwayar gado. Idan ana son aiki da wani babi, sai a yi kwafinsa a fita da kwafin. Wannan kwafi shi ne RNA. A waje sai a karanta shi a ƙera furotin, furotin kuwa su ne ma'aikatan jiki. Furotin ɗin da aikinsa yanka ko haɗa wasu sinadarai, shi ake ce wa enzayim.

Saura abu ɗaya, kuma ku riƙe shi da kyau. RNA zare ne mai haruffa huɗu: A, U, G, C. A na kama U, G na kama C. Kwafin da ake ƙera furotin da shi zare ɗaya ne. Idan aka ga dogon RNA mai zare biyu, an tufke shi kamar igiya, to galibi akwai baƙo a gida, don ƙwayoyin cuta na bairos da yawa sai sun bi ta wannan siffa suke iya kwafin kansu.

1968: KAKAN DANGI

A jami'ar Rockefeller da ke New York, wasu masana uku, Hugh Robertson da Robert Webster da Norton Zinder, sun ciro wani enzayim daga bakteriyar E. coli, wadda ke zaune a hanjin mutum. Wannan enzayim yana da zaɓe: RNA mai zare biyu yake nema ya yanka. Suka sa masa suna RNase III, wato mayankin RNA na uku. Daga baya aka gano yana taimaka wa bakteriya wajen datse dogayen RNA su zama masu amfani.

Aka kuma lura yana da irin nasa yanka. Ba ya datse zaren biyu daidai wa daida. A kowane baki sai ya bar haruffa biyu suna leƙe a zare ɗaya. Kamar telan da ko ba ka gan shi ba, da ka ga bakin ɗinkin ka san hannunsa ne. A lokacin abin bai dami kowa ba, harkar bakteriya ce. Ku ajiye waɗannan haruffa biyu a aljihu, za mu dawo kansu bayan shekara talatin da wani abu.

1990: GARIN NEMAN ƘIBA

Mu tsallaka zuwa Oakland a jihar Kalifoniya. Richard Jorgensen da Carolyn Napoli suna aiki a wani kamfanin inganta tsirrai. Suna son su nuna gwanintar fasaharsu, sai suka ɗauki furen fetuniya, wani furen ado mai launin shunayya, suka ce bari su ƙara masa duhu. Lissafin mai sauƙi ne: akwai ƙwayar gado da ke taimakawa wajen haɗa launin, idan ka ƙara wa furen wani kwafinta, ai launi zai ninku.

Sai furanni suka fito farare.

Kashi 42 cikin 100 na tsirran da suka sa wa ƙarin ƙwayar gadon sun ba da fure fari fat ko kuma dabbare-dabbare. Da suka auna, suka tarar RNA na wannan launi ya ragu kusan ninki 50. Wato sabuwar da aka saka ta yi shiru, ta asali ma ta yi shiru. Garin neman ƙiba an samo rama. A Amsterdam ta ƙasar Holan wasu masanan sun ci karo da abu iri ɗaya, aka buga rahotannin biyu a mujallar The Plant Cell a shekarar.

Wani zai iya cewa gwaji ya lalace, ya zubar da tukwanen ya sake sabo. Su ba su yi haka ba. Suka rubuta abin da suka gani, duk da ba su san dalilinsa ba. A 1992 kuma, a birnin Rum, Nicoletta Romano da Giuseppe Macino suka ga irin haka a wata funfuna mai launin ruwan goro: an ƙara mata ƙwayar gadon launi, sai ta koɗe. Masu tsirrai suka ba abin sunansu, masu funfuna suka ba shi nasu. Babu wanda ya san cewa hannu ɗaya ne.

1998: TSUTSA TA FASA ƘWAI

Akwai wata 'yar tsutsa da masana ke ji da ita, C. elegans. Tsawonta kamar milimita ɗaya, kuma jikinta garau yake, kana ganin cikinta a madubin bincike. A lokacin akwai wata dabara ta rufe bakin ƙwayar gado: ka yi wa tsutsar allurar zaren RNA mai kishiyar haruffa, ya je ya manne wa kwafin ya hana a karanta shi.

A 1995 a jami'ar Cornell, Su Guo da Kenneth Kemphues suka yi hakan, ya yi aiki. Sai suka yi allurar zaren da ba kishiya ba, wanda bai kamata ya yi komai ba, don kawai su tabbatar. Shi ma ya yi aiki. To ina dalili? Ga wani sakamakon da ya ƙi bin littafi.

Andrew Fire a Baltimore da Craig Mello a Massachusetts suka yi zargin cewa wajen haɗa waɗannan zarurruka a ɗakin gwaji, ana samun ɗan gurɓin RNA mai zare biyu ba tare da an sani ba. Suka tace kowane zare tsaf. Suka zaɓi wata ƙwayar gado ta tsoka, wadda idan ta mutu tsutsa kan riƙa karkarwa. Zare na farko shi kaɗai, kusan babu komai. Na biyu shi kaɗai, haka. Da suka haɗa biyun suka tufke, sai 'ya'yan tsutsar suka fito suna ta karkarwa.

Suka buga a mujallar Nature a Fabrairun 1998. Abin da ya fi ɗaure kai, 'yan ƙalilan na wannan RNA sun isa su rufe bakin ƙwayar gado a ƙwayar halitta guda, kuma ƙwayar gadon da haruffanta suka dace kaɗai ake taɓawa. Ke nan akwai wani inji a ciki da ke karɓar saƙon yana yaɗa shi. Wane inji? Nan fa ɗaya.

SAWUN ƁARAWO

Amsar farko ta fito daga Norwich a Ingila. David Baulcombe masanin cututtukan tsirrai ne. Tun 1928 wani masani a Amurka, S. A. Wingard, ya rubuta cewa tabar da bairos ya kama, ganyenta na ƙasa kan lalace, amma sabbin ganyen sama sai su fito lafiya, kuma bairos ɗin ba ya sake kama su. Shekara saba'in ana ganin haka babu gamsasshen bayani.

Baulcombe da Andrew Hamilton suka ce dole akwai wani abu da ke riƙe da haruffan abin da ake rufe wa baki. Mutane sun nema ba su gani ba, saboda kowa dogon RNA yake nema. Na'urar da ake tace RNA da ita kamar rariya ce, ƙananan gutsattsari kan zube ta ƙasa a tafi a bar su. Hamilton ya gyara rariyar don ta tare ƙanana. A 1999 sai ga su: gutsattsarin RNA masu haruffa kamar 25, a duk tsiron da aka rufe wa wata ƙwayar gado, har da wanda bairos ya kama. A tsiron da babu wannan rufewa kuwa, babu su.

A 2000, Phillip Zamore da Thomas Tuschl da Phillip Sharp da David Bartel suka zuba dogon RNA mai zare biyu a cikin ruwan ƙwayayen ƙudan 'ya'yan itace. Ya fito gunduwa-gunduwa, kowace haruffa 21 zuwa 23.

Ku tsaya nan ku yi tunani. Idan ɓera ya ci takarda, yagar ba ta da tsari. Amma idan ka zo ka tarar da rake an yanka shi tsawo ɗaya, tsawo ɗaya, ka san mai rake ne ya zauna da wuƙarsa. Akwai mai yanka, kuma yana awo. A wannan shekarar Brenda Bass ta jami'ar Utah ta yi hasashen cewa mai yankan daga dangin RNase III yake. Da Tuschl da abokan aikinsa suka duba bakin gutsattsarin da kyau, me suka gani? Haruffa biyu suna leƙe a kowane baki. Hannun telan nan na 1968.

2001: AN KAMA SHI

A cibiyar bincike ta Cold Spring Harbor da ke jihar New York, a ɗakin gwajin Gregory Hannon, akwai wata ɗaliba mai neman digirin dakta, Emily Bernstein. Sa'arta ɗaya, a 2000 aka kammala karanta DNA na ƙudan 'ya'yan itace. Don haka ba sai ta yi lalube cikin duhu ba. Ta duba jerin ta fitar da ƙwayoyin gadon da ke kama da RNase III, 'yan kaɗan ne. Ta sa ƙwayoyin ƙuda su ƙera kowanne, ta ciro shi, ta miƙa masa dogon RNA mai zare biyu.

Ɗaya daga ciki ya mayar da shi gutsattsari masu haruffa kamar 22. Da aka rage shi a cikin ƙwayar halitta, rufe bakin ƙwayoyin gado ya yi rauni. Suka buga a Nature a Janairun 2001, suka kira shi Dicer, ana furtawa Daisa. Ma'anar sunan a Turanci mai yanka abu ƙanana-ƙanana daidai da juna, kamar yadda ake yanka kuɓewa. Suka kuma nuna irinsa yana cikin tsutsa, da tsirrai, da funfuna, da mutum.

Yanzu ga yadda abin yake gaba ɗaya. Dicer ya ga dogon RNA mai zare biyu, ya daddatsa shi. Sai a ɗauki guntu ɗaya a miƙa wa wani furotin mai suna Argonaute. Shi kuma ya yar da zare ɗaya ya riƙe ɗaya, ya shiga zagaye da shi kamar ɗan sanda riƙe da hoton wanda ake nema. Duk RNA da haruffansa suka dace da wannan guntu, sai ya datse shi, ya wuce neman na gaba. A 2004 aka tabbatar Argonaute ne ke wannan yanka na biyu. Ka ga, da jikin bairos ɗin ake yin hoton da za a kama shi da shi. Da ɗan gari akan ci gari.

Furen fetuniya fa? Ƙarin ƙwayar gadon da aka cusa ya jawo samuwar RNA mai zare biyu, tsiron ya ɗauka hari ne. Aka yanka, aka raba hoto, aka bi duk kwafin launi aka datse, na baƙo da na gida. Ga farin fure. Tabar Wingard ma haka: saƙon yakan riga bairos isa sabbin ganye.

Saura tambaya: da me yake awo? A 2006, Ian MacRae da Jennifer Doudna a Berkeley suka fitar da siffar Dicer na Giardia, wata ƙwayar cuta da ke sa gudawa ta hanyar gurɓataccen ruwa. Siffar kamar gatari. A ƙarshen ƙotar akwai ɗan aljihu da ke cafke haruffa biyun nan masu leƙe. A can sama kuma ga wuƙaƙe biyu irin na RNase III, kowace na yanka zare ɗaya. Tazarar da ke tsakanin aljihu da wuƙa ita ce tsawon guntun, a Giardia haruffa kamar 25. Wato jikinsa ne ma'auninsa. Wannan Doudna ita ce daga baya ta samu kyautar Nobel a 2020 tare da Emmanuelle Charpentier kan fasahar CRISPR.

ASHE BA YAƘI KAƊAI YAKE YI BA

Nan labarin ya haɗu da wani da aka daɗe da yi wa kallon abin almara. A 1993, Victor Ambros da Rosalind Lee da Rhonda Feinbaum sun gano wata ƙwayar gado a tsutsar nan, lin-4, wadda ba ta ƙera furotin ko kaɗan. Ɗan RNA take fitarwa mai haruffa 22. Gary Ruvkun ya nuna wannan ɗan RNA yana manne wa kwafin wata ƙwayar gadon ya rage mata murya, da haka tsutsa ke sanin lokacin wucewa daga wani matakin girma zuwa na gaba. Yawancin masana suka ɗauka wani baƙon hali ne na tsutsa kawai. Shekara bakwai ana haka. Sai a 2000 ɗakin gwajin Ruvkun ya samo na biyu, let-7, aka duba aka gan shi a ƙuda, a kifi, a mutum.

Haruffa 22. Kun ji lambar ta yi kama da wata? A 2001 ɗakunan gwaji da dama suka rage Dicer a tsutsa da ƙwayoyin mutum, sai waɗannan ƙananan RNA suka kasa nuna, suka tsaya a dogayensu. Ashe almakashin da ke yanka baƙo, shi ne ke yanka na gida. Aka kira su maikro-RNA. Yau an san mutum yana da ƙwayoyin gado fiye da 1,000 na irinsu, suna daidaita yawan furotin da kowace ƙwayar halitta ke ƙerawa.

A 2003, Narry Kim ta jami'ar ƙasa da ke Seoul a Koriya ta Kudu ta nuna akwai wani ɗan dangin, Drosha, da ke aiki a cikin cibiya. Maikro-RNA yana farawa ne a matsayin dogon zare da ya naɗe kansa ya yi lanƙwasa. Drosha ya yanke shi daga gindi, ya bar haruffa kamar 70, da biyun nan masu leƙe. A fito da shi waje, Dicer ya kama ta wannan baki, ya auna, ya sare lanƙwasar. Ɗaya ya yanka yadi, ɗaya ya ƙarasa.

Yaya muhimmancinsa? A 2003 Bernstein da abokan aikinta suka cire Dicer daga ɓera. Ɗan tayin bai wuce kamar kwana bakwai da rabi a ciki ba ya mutu. A 2009 kuma aka gano cewa wasu iyalai da yaransu ke kamuwa da wata kansar huhu da ba a cika gani ba, sun gaji kwafi ɗaya na DICER1 da ya lalace. Wannan ƙwayar gado tana kan kuromosom na 14.

WA YA RIƘE, WA YA YAR

Tunda ana samun Dicer a dabbobi da tsirrai da funfuna da halittu masu ƙwaya ɗaya irin Giardia, masana sun fahimci cewa kakan yukariyot na farko yana da shi. Kowane reshe kuma ya sarrafa gadonsa yadda ya dace da shi.

Mutum na da Dicer ɗaya. Ƙudan 'ya'yan itace na da biyu: ɗaya na maikro-RNA, ɗaya na yaƙi da bairos. Sauron da ke yaɗa zazzaɓin dengue yana amfani da na biyun wajen danne bairos ɗin, ya rage shi amma bai kawar da shi ba, sauro ya rayu ya ci gaba da cizo. Tsiron Arabidopsis, wanda masana suka fi nazari, yana da huɗu. Tsiro ba shi da farin jini irin namu, ba ya kuma iya gudu, don haka ya dogara sosai da wannan makami. Bairos ma ba su zauna ba. Da yawansu suna ƙera furotin na toshe wannan hanya. Akwai wani, p19, da ke cafke gutsattsari masu haruffa 21 ya riƙe, don kada hoton ya isa hannun ɗan sanda.

Ƙwayar cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa, mai jawo sammore a shanu da ciwon barci a mutane, tana da wannan tsari, an gano haka tun 1998, kuma masana sun yi amfani da shi sosai wajen rufe ƙwayoyin gadonta ɗaya bayan ɗaya don su ga wanne ne ranta. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro kuwa ta yar da shi gaba ɗaya, shi ya sa wannan dabara ba ta ci a kanta.

Yis ɗin burodi ma ya yar. Ɗakin gwajin Bartel ya kawo wani bayani mai daɗi a 2011. Wannan yis yana ɗauke da wani bairos mai zare biyu da ke ba shi guba ta kashe sauran yis masu gasa da shi. Da aka mayar masa da Dicer da Argonaute, sai suka cinye bairos ɗin, ya rasa gubar. Wato ya sallami mai gadi ne don ya ajiye ɗan daba a gida.

DAGA ƊAKIN GWAJI ZUWA ASIBITI DA GONA

Da farko abin ya ƙi a ƙwayoyin mutum. Idan ka saka dogon RNA mai zare biyu, ƙwayar kan firgita ta rufe ƙera furotin baki ɗaya, don muna da wata ƙararrawar daban. A Mayun 2001, Sayda Elbashir da Tuschl a Göttingen ta Jamus suka ce to mu yi wa Dicer aikinsa. Suka haɗa guntu mai haruffa 21 da hannu, da biyun nan masu leƙe. Ya wuce ƙararrawa, Argonaute ya karɓa, ƙwayar gadon da aka nufa ta yi shiru.

Duniya ta ɗauka. A 2006 aka ba Fire da Mello kyautar Nobel, shekara takwas kacal bayan bincikensu. Masana tsirrai da dama sun ji zafin barin Baulcombe a baya. A 2008 ya samu kyautar Lasker tare da Ambros da Ruvkun, su biyun kuma suka samu Nobel a 2024. A 2006 ɗin dai kamfanin Merck ya sayi wani ƙaramin kamfanin wannan fasaha kan dala biliyan 1.1.

Sai aka ci karo da bango. Yaya za a kai guntun inda ake so? Jini na narkar da shi, ƙoda na fitar da shi. A 2010 kamfanin Roche ya janye. A 2014 Merck ya sayar da abin da ya saya kan dala miliyan 175. Waɗanda suka daure suka koyi naɗe RNA a cikin ɗan ƙunshin kitse da ke kai shi hanta. A Agustan 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da patisiran, magani na farko na wannan hanya, domin wata cutar gado da wani furotin na hanta ke taruwa yana lalata jijiyoyi. Shekara 20 cif bayan tsutsa mai karkarwa. Irin wannan ƙunshin kitse ne aka yi amfani da shi a wasu alluran rigakafin korona. Bayansa an samu inclisiran, allurar rage mugun kitse a jini, wadda bayan alluran farko sau biyu a shekara ake yi. Har yanzu dai yawancin waɗannan magunguna hanta suke iya kaiwa, kuma tsadarsu ta fi ƙarfin talaka.

A gona kuwa, nan ne abin ya fi kusa da mu. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman rogo. A gabashin Afirka akwai wani bairos da ke ruɓar da saiwar rogo daga ciki, manomi ba ya sanin girman asararsa sai ya tona. Masana sun samar da rogon da ke ƙera ɗan RNA mai zare biyu ɗauke da haruffan bairos ɗin. Dicer na rogon ya yanka, ya raba hoto tun ɓarawo bai iso ba. A 2021 hukumar da ke kula da irin waɗannan tsirrai a Kenya ta amince a wuce da shi zuwa gwajin gonaki na ƙasa. Na san muhawarar irin da aka sauya wa ƙwayoyin gado tana da zafi a wajenmu, kuma tambayoyi irin su wa ke mallakar iri, wa ke sa ido, tambayoyi ne na gaskiya. Amma duk ɓangaren da kake, gara ka shiga muhawarar ka san me aka saka a cikin tsiron da kuma yadda yake aiki.

RUFEWA

Ku waiwaya ku ga su wa suka kawo mu nan. Masu fure da suka nemi shunayya suka samu fari, suka rubuta. Ɗaliba Su Guo da gwajin tabbatarwarta ya ba da amsar da ba a so, ba ta ɓoye ba. Hamilton da ya duba abin da ke zubewa ƙarƙashin rariya. Ambros da Ruvkun da suka yi shekara bakwai ana ce wa aikinsu harkar tsutsa. Da kowannensu ya share abin da bai dace da littafi ba, da har yau ba mu san almakashin nan ba.

Ina faɗin haka ne musamman saboda ƙannenmu da ke jami'a da kwalejoji. Mun san abin da ke faruwa lokacin furojet: sakamako ya fito ba yadda malam ke tsammani ba, sai a gyara lambobi su yi kyau. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, sake gwajin. Idan ya sake fitowa haka, rubuta shi yadda yake, ka je ka tambayi dalili.

Tambayarmu ta wannan mako: da za a ba ka damar rufe bakin ƙwayar gado guda ɗaya, a wata cuta ko a wani amfanin gona, wacce za ka zaɓa, kuma me ya sa? Ku ajiye mana amsa a ƙasa, za mu karanto wasu a shiri na gaba. Wanda ya amfana ya tura wa wani.

Sai mun sake haɗuwa. Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani. Wassalamu alaikum.